Yadda Ake Koyon Can, May, Must da 'Yan Uwansu: Neman Izini, Faɗin Yiwuwa da Nuna Dole a Turanci

A jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO, da ta JAMB wadda kusan duk mai neman jami'a a Najeriya sai ya rubuta ta ko da likitanci zai karanta, da wuya a rasa tambayar cike gurbi inda za a jero maka can da may da must da should a ce ka zaɓi ɗaya. Amma amfaninsu bai tsaya a ɗakin jarrabawa ba. Su ne a takardar da ke cikin kwalin magani, su ne a yarjejeniyar haya da takardar ɗaukar aiki, su ne a saƙon da shugabanka na ofis zai turo maka da dare. Wanda ya ruɗe a kansu yana iya ɗaukar hani a matsayin rangwame, ko ya yi wa babba magana da gadara alhali shi a ransa ladabi yake yi.

Masana nahawun Turanci suna kiransu modal verbs. Manyansu guda 9 ne: can, could, may, might, must, shall, should, will, would. Akwai kuma waɗanda ke raɓe da su suna yin aiki irin nasu, kamar ought to da have to da need. Shawarata tun daga farko ita ce kada ka ɗauki jadawali ka haddace cewa wannan kalma ma'anarta kaza. Kusan kowace a cikinsu tana da aiki biyu ko uku, kuma nan ne haddar take watsewa. Ka fara daga abin da ke ranka: izini kake nema, hasashe kake yi, ko nauyi kake ɗora wa wani? In ka amsa wannan, kalmar da ta dace ba ta da wuyar samu.

Mataki na farko: Gyara ginin jimla

Kafin ma'ana, akwai ƙa'idojin gini da ba sa canzawa, kuma zama ɗaya ya isa a kama su.

Ba a ƙara musu s ko da mutum ɗaya ake magana a kansa. "She can drive" ake cewa, ba "she cans drive" ba, ba kuma "she can drives" ba. Aikatau ɗin da ke biyo bayansu a tsiraicinsa yake zuwa, babu to a gaba, babu ed ko ing a baya. "You must go" daidai ne, "you must to go" kuskure ne, kuma yawanci have to da ought to ne suke jawo wannan ruɗani, domin su biyun da to ɗinsu suke tafiya. Wajen tambaya ba a kiran do, ita kalmar ce take dawowa gaba: "Can she drive?" Wajen korewa kuma not kawai ake liƙa mata.

Ta ƙarshe ita ce aka fi karyawa a wajenmu: biyu ba sa haɗuwa a jere. Ba a cewa "I will can come". Sai dai "I will be able to come". Haka nan "I can be able to do it", wadda za ka ji ta a bakin masu digiri har da 'yan siyasa a rediyo, maimaici ne, domin can da be able to abu ɗaya suke faɗa. Zaɓi ɗaya ka bar ɗaya. Mai duba takardar jarrabawa ba ya yafe wannan.

Have to ita ce ta fita zakka. Tana karɓar s ta koma has to, tana kuma neman do: "Does he have to pay?"

Mataki na biyu: Neman izini da bayar da shi

Ɗalibi ya makara, ya tsaya a bakin ƙofar aji, malam ya riga ya fara rubutu a allo. Abin da zai ce shi ne, "May I come in, sir?" In malam ya yarda zai ce "Yes, you may", ko ya ce "Come in" kawai. Da abokinsa ne yake neman aron biro a wajensa, "Can I use your pen?" ta isa. Da kuma baƙo ne a banki yake son zama kusa da wani dattijo, "Could I sit here, please?" ta fi dacewa. To ka ga matakai uku ke nan: can tsakanin sa'o'i da 'yan gida, could ga wanda ba ka saba da shi ba, may ga malami da shugaba da wurin da ake tsare girma. Wasu tsofaffin malamai suna cewa can ba ta neman izini, iyawa kawai take nufi. A Turancin yau tana nema, kuma ita aka fi ji a baki. Sai dai a rubutun wasiƙar neman aiki ko gaban kwamitin ganawa, may da could sun fi nuna tarbiyya.

Akwai wuri ɗaya da nake so a daɗe a kai. Mu a Hausa ladabinmu yana cikin gaisuwa da "don Allah" da sassauta murya da ranƙwafawa. Da zarar ka gaisa ka ce "don Allah ba ni fom", ka gama ladabi. Sai mutum ya ɗauki wannan ya kai Turanci ya ce "Please give me the form", ko ma "I want the form", ya ga fuskar ma'aikaciyar ta canza bai san dalili ba. A Turanci umarni umarni ne ko da an sa masa please. Ladabinsu yana cikin mayar da buƙata ta zama tambaya: "Could I have the form, please?" Duk wanda zai yi waya da kamfanin waje, ko zai rubuta wa jami'a a Ingila ko Kanada, ya riƙe wannan da kyau. Ba rashin kunya ke sa mutanenmu su yi kama da masu ba da oda ba, rashin sanin inda Turanci ya ajiye ladabinsa ne.

Sai ka kula da abubuwa uku. Could tana neman izini amma ba ta bayarwa. In an ce maka "Could I borrow your charger?" amsarka "Yes, you can" ce ko "Of course", ba "Yes, you could" ba. Na biyu, may da I ko we take tafiya wajen roƙo. In kana son wani ya yi maka abu, "Could you help me?" ko "Would you help me?" za ka ce. "May you help me" ba roƙo ba ne, domin wannan ginin na addu'a da fatan alheri ne, irin na "May Allah reward you". Na uku, in aka tambaye ka "Would you mind if I sat here?" ana tambayar ko za ka damu ne. In ka yarda, sai ka ce "Not at all". In ka ce "Yes" ka hana shi zama ke nan.

Hana izini kuwa da can't ake yi a baki, da may not a rubuce: "Candidates may not leave the hall". Izinin da aka bayar a baya sau ɗaya, was allowed to ake sa masa: "I was allowed to see the doctor yesterday".

Mataki na uku: Auna yiwuwa

Nan tambayar ita ce, yaya ƙarfin zatonka? Ɗauki misali ɗaya ka juya shi. Ranar Juma'a ce, ƙarfe 2 na rana, ka kira Musa wayarsa a kashe.

In ka san halinsa, ba ya fashin masallaci, za ka ce "He must be at the mosque". Wannan must ba ta dole ba ce, ta hujja ce: ba ka gan shi ba, amma hankali ya ba ka tabbas yana can. In zatonka rabi da rabi ne, sai ka ce "He may be asleep", ko "He might be asleep", ko "He could be asleep". Ukun nan kusan ɗaya suke. Wasu suna jin might ta ɗan fi rauni, amma kada ka ɓata dare wajen rarrabe su. In wani ya ce ai ya tafi Kaduna, kai kuwa ɗazu ka gan shi a Kasuwar Kurmi, amsarka ita ce "He can't be in Kaduna". Lura da kyau: kishiyar must ta hujja ita ce can't, ba mustn't ba. In kuma abu ne da kake sa rai bisa al'ada, should ce: "He should be back by three", wato in komai ya tafi daidai zai dawo kafin uku.

Masu karatu a Maraɗi da Damagaram da suka yi Faransanci za su ga wannan da sauƙi, domin devoir ma haka take, tana nuna dole tana kuma nuna zato mai ƙarfi.

Can tana faɗin yiwuwa, amma ta abin da yakan faru ne a bisa ɗabi'a. "Sokoto can be very hot in April" daidai ne, domin halin garin ake faɗa. In kuwa hadari ne ya haɗo daga gabas yau da yamma, "It may rain tonight" za ka ce, ba "It can rain tonight" ba. Haka kuma may not da cannot ba ɗaya ba ne. "She may not come" tana nufin wataƙila ba za ta zo ba, ƙofa a buɗe take. "She cannot come" ta rufe ƙofar.

Idan ka ga "may cause drowsiness" a takardar magani, ana gaya maka yana iya sa ka gyangyaɗi, ba lalle ba ne amma yana faruwa. Direban da zai kama hanyar Abuja da asuba bai kamata ya wuce wannan layin ba tare da ya fahimce shi ba.

A rubutu kuma, maybe a haɗe daban take da may be a rabe. Ta haɗe tana nufin wataƙila, tana yawan zuwa a farkon jimla: "Maybe he is tired". Ta rabe aikatau ce a tsakiyar jimla: "He may be tired".

Mataki na huɗu: Dole, kamata da hani

Must da have to duka dole ne. Bambancin da littattafai suke bayarwa shi ne must daga mai magana take fitowa ko daga dokar da aka rubuta, have to kuma daga halin da mutum ya sami kansa. Uwa ta ce wa ɗanta "You must finish your food". Sanarwar jami'an kiyaye haɗurra ta ce "Drivers must wear seat belts". Ma'aikaci kuma ya ce "I have to be at work by eight", domin ba shi ya sa wa kansa ba. A maganar yau da kullum, musamman a Amurka, have to ta fi yawa nesa ba kusa ba. In ka rasa wadda za ka ɗauka a baki, ɗauki have to.

Must ba ta da siffar abin da ya wuce. Dolen jiya had to ce: "I had to trek home". Dolen gobe will have to ce. Sannan ka yi hattara da jefa wa na gaba da kai must. Ƙaramin ma'aikaci da ya shiga ofishin darakta ya ce "You must sign this today, sir" ya ba da umarni ne. Abin da ya kamata ya ce shi ne "Could you sign this today, sir?" Wurin da must take da daɗi tsakanin mutane shi ne gayyata: "You must visit us during Sallah" nacin ƙauna ne, irin na "wallahi sai ka zo".

Should da ought to su ne ya kamata. Shawara ce, mutum yana iya ƙi. Had better ta fi su zafi, domin akwai gargaɗi a cikinta: "You had better leave now", wato in ba ka tafi ba za ka gani. Kada ka yi wa surukinka ita.

Yanzu ga wurin da ya fi kowane haɗari a wannan darasi duka. Must da have to suna kusa da juna in ana tabbatarwa, amma da zarar an kore su sai su raba hanya. Mustn't hani ce: kada. Don't have to rangwame ce: ba sai ka yi ba. Nas ta miƙa wa majinyaci magani ta ce "You must not take this on an empty stomach". Ta hana shi ne, kada ya sha sai ya ci abinci. Da cewa ta yi "You don't have to come back tomorrow", ta sauƙaƙa masa ne, ba sai ya dawo ba, in ya dawo ma ba laifi. Ka juya su ka ga ɓarnar: wanda ya ji mustn't a matsayin "ba dole ba ne" zai sha maganin cikinsa wayam. Wanda kuma yake son ce wa baƙonsa ba sai ya cire takalmi ba, in ya ce "You mustn't remove your shoes", ya kafa masa doka ne. Hanyar da ba ta kuskure ita ce ka gwada jimlar da "kada". In ta zauna, mustn't ce. In "ba sai" ce ta zauna, to don't have to ce, ko needn't, ko don't need to, duka ukun ma'anarsu ɗaya.

Shall kuma fuska biyu gare ta. A baki, tayi ce mai laushi: "Shall we go?" ko "Shall I open the window?" A takardun shari'a kuwa ta fi must nauyi a kunne. Sashe na 1 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 da ita ya ce tanade-tanadensa "shall have binding force" a kan hukumomi da mutane. Don haka in za ka sa hannu a yarjejeniyar haya, bi ta layi-layi ka ja layi a ƙarƙashin kowace shall da kowace may. "The tenant shall pay" wajibi ne a kanka. "The landlord may inspect" dama ce da mai gida yake da ita, in ya so ya yi, in ya so ya bari.

Mataki na biyar: Magana a kan abin da ya riga ya wuce

Gini ɗaya ne: kalmar, sai have, sai siffa ta uku ta aikatau, irin gone da seen da taken. "You should have told me" zargi ne, ya kamata a ce ka gaya mini amma ba ka yi ba. "He must have forgotten" zato ne mai ƙarfi, lalle mantawa ya yi. "She might have missed the bus" zato ne mai rauni. "He can't have said that" musu ne, ba zai yiwu ya faɗi haka ba. "You could have died" kuwa abu ne da ya kusa faruwa Allah ya kiyaye.

Kada ka haɗa must have gone da had to go. Ta farko hasashe ce, ta biyu tilas ce da ta riga ta auku. Kuma have ce ko da she ko he ne a gaba, ba a cewa "she should has". Wanda ke yawan karanta rubutun Turawa a Facebook zai ci karo da "should of". Kuskurensu ne na ji da kunne, kada ka kwaikwaya.

Mataki na shida: Horar da kunne

Harafin l da ke cikin could da should da would ba a furta shi. Haka t ta farko a mustn't. Can a tsakiyar jimla gajeriya ce, kusan a haɗiye take, can't kuma ana jan ta ana danna ta, kuma sau da yawa wannan dannawar ce za ta gaya maka an kore, ba t ɗin ƙarshe ba. Saurari labaran BBC na Turanci ko wata hira a YouTube na minti 5, biro a hannu, ka rubuta duk jimlar da ka ji ɗaya daga cikin kalmomin nan.

Mataki na bakwai: Atisaye da abin da ke kewaye da kai

Wayarka ta isa. Ɗauki hoton sanarwar da ke jikin bangon banki da asibiti da makaranta, da takardar cikin kwalin magani, da dokokin da ke shafin farko na takardar jarrabawa. Kowace ka samu, rubuta a gefenta: izini, yiwuwa, ko dole. Bayan haka ka juya ta zuwa korewa ka duba ko ma'anar ta koma "kada" ko "ba sai". Sannan ka sami abokin karatu ku riƙa tura wa juna saƙon murya a WhatsApp, ɗaya ya zama mai gidan haya ɗaya ɗan haya, gobe ɗaya likita ɗaya majinyaci. Buƙata ɗaya ka faɗe ta sau uku, ga ƙanenka, ga baƙo, ga shugaba, ka ji yadda kalmar take canzawa.

A ɗakin jarrabawa, kada ka kalli zaɓin kafin ka karanta jimlar har ƙarshe, domin amsar tana ɓoye a ɗaya rabin. A ce an ba ka "You ___ bring your own chair, the school will provide one", zaɓin kuma mustn't da needn't da can't da shouldn't. Rabin ƙarshe ya ce makaranta za ta bayar, babu wanda ya hana ka komai, an dai ɗauke maka wahala. Amsar needn't ce. In kuma aka ce "The ground is wet, it ___ rained last night", ƙasa jiƙaƙƙiya hujja ce, daren jiya kuma ya wuce, saboda haka must have ce za ta shiga gurbin, ba should have ba, ba had to ba. Tambayoyin da ke ƙarewa da 'yar wutsiya ma modal verb ɗin da ke cikin jimlar suke maimaitawa a kore: "She can swim, can't she?" da "We should go, shouldn't we?" In jimlar da have to aka gina ta, wutsiyar do take ɗauka: "He has to pay, doesn't he?"